Na Je Kiyoto Neman Ƙofar Rashomon

Jama'a, ban taɓa zaton fim zai sa in ɗauki jaka a baya in shiga birnin da ban san kowa ba. Amma haka aka yi a 2019, lokacin da wani kwas ya kai ni Tokiyo. Ana ba mu hutun kwana uku, na tattara ɗan guzirina na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Awa biyu da 'yan mintoci sai ga ni a Kiyoto, birnin da sarakunan Japan suka zauna tun daga shekarar 794 har fiye da shekara dubu.

Abin da ya kai ni ɗaya ne: fim ɗin Rashomon na darakta Akira Kurosawa, wanda ya fito a 1950 ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Benis a 1951. Tun da na ga waccan katafariyar ƙofa da ruwan sama ke zuba a kanta na ƙudurta sai na gan ta ido da ido.

Na kwana a masaukin matafiya mai arha, gado bisa gado. Da gari ya waye na bi taswira har gefen haikalin Toji. Na zaga, na sake zagawa, ƙafa ta yi tsami. Ƙarshe dai wata dattijuwa ta nuna min wani ɗan filin wasan yara. A tsakiyarsa ga dutse guda a tsaye da rubutu a jiki. Wai nan ne ƙofar take! Ashe guguwa ta rushe ta tun 980, ba a sake ginawa ba. Wadda na gani a fim, Kurosawa ne ya sa aka gina masa a situdiyo. Har ruwan saman ma sai da suka zuba masa baƙin tawada don kyamara ta kama shi.

Wallahi da farko haushi ya kama ni, na ce kuɗin jirgina sun tafi a banza. Sai da na zauna a kan benci na yi tunani. Ƙofar da ta ɓace shekara dubu, fim ne ya sa duniya ta san sunanta, har ɗan Kano ya zo nemanta.

Nan na tuna da namu. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, kaset nawa ne suka lalace a lungu? Wa ya adana su?

Ina dawowa gida na janyo kwalin kaset ɗina daga ƙarƙashin gadon Hajiya. Rabi duk sun yi fumfuna. Sauran na kai an juye min su a kwamfuta. Kai ma mai karatu, ka leƙa naka tun kafin damina ta riga ka.