Shekarun da Santsi da Taɓo suka raba Kademi

A zaɓen 1979 ba a yi wata gardama mai yawa a unguwarmu ba. Makulli kowa ya sani, alamar PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Akwai 'yan NPN masu gida da masara, mafi yawansu 'yan kasuwa da na kusa da masu sarauta, amma ba su da yawan da za su ɗaga murya. Ni a lokacin sabon malamin firamare ne, irin waɗanda shirin UPE na 1976 ya kwasa ya cusa aji kafin gemu ya fito. Iyayenmu mata, waɗanda a zamanin NEPU ba su da ƙuri'a, suka yafa mayafi suka bi layi.

Baffana tsohon ɗan NEPU ne. Ya taɓa shan ɗauri saboda haraji, kuma bai taɓa barin yaro a gidan ya manta da hakan ba. Ranar da aka ji a rediyo cewa Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, sai ya sa aka yanka akuya. Fulanin da ke rugage a gefen gari suka shigo da ƙwaryar nono suna raba wa mutane kyauta. Ban sake ganin talakawan Kademi baki ɗaya haka ba.

Abin bai daɗe ba. Cikin 1980 rigima ta tashi a uwar jam'iyya, saboda Rimi da Balarabe Musa na Kaduna suna halartar taron gwamnonin da ke adawa da gwamnatin Shagari, Malam kuma ya hana. Aka kore su. Masu bin gwamna suka zama 'yan Santsi, masu bin Malam suka zama 'yan Taɓo. Mu a ƙauye ba mu ga takardar kora ba, ba mu san abin da aka tattauna a Legas ba. Abin da ya iso mana shi ne tambaya guda: kana ina?

Baffa ya tsaya a Taɓo, ya ce wanda ya koya masa ɗaga kai gaban mai rawani ba zai juya masa baya ba saboda wani yaro mai iya magana. Mahaifina, ƙaninsa, ya bi Santsi. Hujjarsa ita ce Malam ya yi shekara talatin yana faɗa, Rimi kuwa ya aikata cikin wata guda. Ni ma Santsi na bi, kamar yawancin malaman makaranta, musamman da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci ina koyar da magidanta da yamma, ina ganin mai furfura yana rubuta sunansa karo na farko.

Gaba da ɗan NPN mai sauƙi ce, domin dama ba tabarma ɗaya kuke ba. Wannan kuwa cikin gida ta shigo. Zaurenmu ɗaya ne, sai ya zama rediyo biyu: mahaifina yana kama Rediyon Kano, Baffa yana murɗa tasa zuwa Kaduna, kowa yana ƙara murya. Daga nan aka raba cin tuwon dare. Mai shayin bakin kasuwa ya ajiye benci biyu. An yi magidanta da suka daina bin wani limami sallar magariba saboda an gan shi a taron Taɓo. Mata ma ba a bar su a baya ba, habaici a bakin turmi ya koma na siyasa, har yara masu tallar ƙosai sun san gidan da ba a shiga.

Abin da har yau nake jinjinawa shi ne batun sarautar Gaya. A 1981 Rimi ya ƙirƙiri sabbin masarautu, Gaya na cikinsu. Sai ga mu 'yan Santsi, jikokin Sawaba, da muka tashi da jin cewa rawani ne ya danne talaka, muna cika motoci zuwa Gaya muna murnar mun samu sarkin yanka. Muka tono tarihi, cewa Abagayawa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka tafi, saboda haka mu ne iyayen Kano. 'Yan Taɓo kuwa, har da Baffa da tabon igiya a hannunsa, suka koma masu kare martabar Sarkin Kano Ado Bayero. Na taɓa tsokanarsa a kan haka.

Na ce, "Baffa, ashe yanzu kai ne dogarin sarki?"

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tashi ka ba ni wuri. Ubanka ne ya aiko ka?"

Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki, birnin Kano ya kama da wuta. Direbobin da suka biyo ta Wudil ne suka kawo mana labari kafin la'asar: an ƙone gidan Rediyon Kano da ofishin jaridar Triumph, an kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Rediyon mahaifina ta yi shiru. A Kademi ba a zubar da jini ba, amma daren nan samari sun kwana da gora a ƙofar gidaje, kuma wanda kowa ke tsoro maƙwabcinsa ne.

A wannan damina auren 'yar Baffa ya mutu. Mijinta ɗan Santsi ne na gani-kashe-ni, ya liƙa hoton Rimi a ɗakinta, ta cire, magana ta kai ga iyaye. Da a wani lokaci ne, dattawa biyu za su kashe wutar a zaure ɗaya. Amma dattawan da za su zauna ba sa gaisawa.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Mahaifina ya shiga ɗakin Baffa ya yi masa ta'aziyya, suka yi kuka tare, muka ce shi ke nan. Ina! Rimi ya riga ya nufi NPP ta Azikiwe, ya sauka daga kujera ya bar wa Abdu Dawakin Tofa, zaɓe kuma ya matso. 'Yan Taɓo suka riƙa cewa baƙin cikinmu ne ya kashe Malam. Waziri Ibrahim na GNPP yana ta wa'azin siyasa ba da gaba ba, a garinmu dai ban ga wanda ya saurare shi ba. A watan Agusta Sabo Bakin Zuwo ya ci, yana hawa kuma ya rushe sabbin masarautun, Gaya ta koma ƙarƙashin Kano. Baffa ya sake yanka akuya, mu kuma aka hana mu cin naman.

Wata uku kacal Bakin Zuwo ya yi a kan kujera. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka karɓi mulki, suka kulle Rimi da Bakin Zuwo duka biyu. Da aka haramta jam'iyyu sai mai shayi ya haɗe bencinsa, aka koma bin limami ɗaya, tuwon dare ya dawo zaure a hankali, ba tare da wani ya ce wa wani yi haƙuri ba. Auren 'yar Baffa ne dai bai dawo ba, domin kafin nan ta gama idda ta yi wani a wajen Ajingi.

Da Ganduje ya maido da masarautar Gaya a 2019, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta rushe ta a 2024 kafin ta dawo da ita a daraja ta biyu, samarin gidanmu sun yi ta musu a waya har da toshe lambar juna. Ɗaya daga cikinsu, jikan Baffa mai jar hula, ya zo yana tambayata, "Kawu, kai wane ɓangare kake?" Na ce masa ya fara zuwa ya gaida ɗan'uwan nasa, sannan ya dawo mu yi maganar. Bai dawo ba tukuna.