Kafin CV ɗinka ya kai ga mutum, na'ura ce take fara karanta shi



Akwai wani kuka da muke yawan ji daga matasanmu da suka gama karatu suka yi hidimar ƙasa: "Na tura CV wurare ba adadi, ko amsar an gani ban samu ba." Daga nan sai zargi ya biyo baya. Wani ya ce don ba shi da uwa a gindin murhu ne, wani ya ce sunansa ne ya nuna daga inda ya fito. Ba mu ce babu son kai a harkar ɗaukar aiki a ƙasar nan ba. Akwai, kowa ya sani. Amma a cikin takardun da ake kawo mana ofishin ƙungiya nan Agege mu duba, mun lura da wani abu daban: da yawa daga cikinsu ba sa ma kaiwa ga idon wanda zai nuna son kan. Tun a bakin ƙofa suke tsayawa, kuma mai tsaron ƙofar ba mutum ba ne, manhajar kwamfuta ce.

Mu yadda muka saba, aiki ta hannun mutum yake zuwa. Yaro ya sauka Legas, a kai shi wurin maigida a Mile 12 ko kara ta Oko-Oba, wani dattijo ya tsaya masa ya ce na san ubansa, yaron kirki ne. Shi ke nan, shaidar nan ita ce jarinsa. Amma banki ko kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, idan suka tallata gurbi ɗaya, takardun da ke shigo musu sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya zauna ya karanta. Shi ya sa suke amfani da manhajar tarawa da tace masu neman aiki, wadda ake kira ATS a taƙaice. Akwai Workday, akwai Taleo da kamfanin Oracle ya saya a 2012, akwai SuccessFactors ta kamfanin SAP, akwai Greenhouse, sannan a nan Legas akwai SeamlessHR. Alamarta ba ta ɓuya: in ka danna wurin neman aiki aka kai ka wani shafi, aka ce ka yi rajista da imel, ka ɗora CV, sai ka ga wasu akwatuna sun cika kansu da sunanka da makarantarka, to da ita kake hulɗa.

Ayyuka uku take yi. Na farko, ta zaro rubutun da ke cikin CV ta rarraba shi gida-gida: suna, lambar waya, makaranta, wuraren aiki, shekaru, ƙwarewa. Na biyu, ta yi maka tambayoyin tankaɗe, kamar ko ka gama hidimar ƙasa, da wane mataki ka fita, shekarunka nawa, a wane gari kake. A nan ne ake fitar da mutum kai tsaye in amsarsa ta saɓa wa sharaɗin da kamfani ya sa. Na uku, ma'aikacin da ke kula da ɗaukar aiki ya rubuta kalmomin da yake nema, manhajar ta fito masa da waɗanda takardunsu ke ɗauke da su, wani lokaci har ta jera su daga wanda ya fi dacewa. Yawanci ba jefar da takardarka ake yi ba. Tana nan a ajiye, amma kamar buhun da ke can ƙasan lodi ne: mota ta iso kasuwa, an saya an watse, ba a kai gare shi ba.

Kada a ɗauka na'urar ba ta kuskure. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace CV da ya ƙera da kansa, bayan an gano tana rage wa takardun mata daraja, saboda yawancin takardun da ta yi koyo da su na maza ne. A 2021 kuma makarantar koyon kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture suka fitar da rahoto a kan kamfanonin Amurka da Birtaniya da Jamus, inda kashi 88 cikin 100 na masu ɗaukar aikin da aka tambaya suka amsa cewa tsarin yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta, don kawai takardunsu ba su yi daidai da sharuɗɗan talla ba. Masu amfani da ita ma sun san aibinta, amma ba su daina ba. To in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abu na farko shi ne na'urar ta iya karanta takardar. A nan aka fi faɗuwa. An taɓa kawo mana CV na wata yarinyarmu mai HND a fannin akanta, tsaf da shi, ga launi ga ado. Ashe a shagon buga takardu aka buga mata, aka fitar a takarda, sannan aka yi sikanin aka tura mata a waya. Abin da ta shafe watanni tana turawa hoto ne, ba rubutu ba. A idon mutum cike yake da bayani, amma manhajoji da yawa ba abin da za su iya zarowa daga ciki. Haka nan wanda ya ɗauki hoton CV da waya ya mayar da shi PDF.

Gwajin da muke sa kowa ya yi ba ya cin ko sisi. Buɗe CV ɗinka, ka zaɓi duk rubutun, ka kwafa, ka liƙa shi a Notepad ko a akwatin saƙon waya. In rubutun ya ƙi zaɓuwa, hoto kake riƙe da shi. In ya fito a cakuɗe, sunan makaranta ya shiga cikin lambar waya, shekarun aiki sun rabu da wurin aikin, to kusan abin da manhajar za ta gani ke nan. Abin da ya fi jawo wannan shi ne kwalliya: raba shafi gida biyu, tebur, akwatunan rubutu, da taurari ko sanduna da ake zanawa don nuna gwaninta, irin waɗanda ake samu a Canva. Wasu manhajojin kuma ba sa karanta abin da aka sa a gurbin can saman shafi ko can ƙasansa, alhali nan ne wasu ke ajiye lambar waya da imel.

Don haka a yi shi a miƙe, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, da rubutu irin Arial ko Calibri. Kanun sassa su zama waɗanda aka saba gani: "Education", "Work Experience", "Skills". A fara da aiki na baya-bayan nan, a sa wata da shekarar farawa da ta gamawa, iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A ajiye shi a Word ko PDF da aka fitar kai tsaye daga Word, sai fa in talla ta faɗi irin wanda take so. Sunan fayil ya zama sunanka, ba wasu lambobi da waya ta raɗa masa ba. Shafi ɗaya ko biyu sun isa. Hoton fasfo, addini, aure, jihar asali da ƙaramar hukuma, duk a bar su sai an tambaya. Aikin gwamnati ne ke neman jihar asali saboda tsarin raba daidai na tarayya, kuma shi ma akwai gurbinsa a fom.

Abu na biyu ya fi shafar mu, wato rubutun suna. Mutum ɗaya ne, amma Muhammad ne a takardar WAEC, Mohammed a katin NIN, Muh'd a CV. Abdullahi a nan, Abdulahi a can. Mu mun san suna ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Shafukan ɗaukar aikin ɗamara, irin na 'yan sanda da hukumar shige da fice, da lambar NIN ake shiga, kuma in an zo tantance takardu saɓanin suna ko ranar haihuwa kaɗai ya isa a mayar da mutum gida. A daidaita tun kafin a buɗe ɗaukar aiki, ba ranar da za a rufe ba. Mai suna Ɗanjuma ko Ɗanladi ya rubuta yadda yake a takardun makarantarsa, don wasu manhajojin sukan mayar da haruffanmu masu ƙugiya wata alama daban. Sunan makaranta ma a cika shi. Mu mun san Kadpoly da BUK, amma a rubuta Kaduna Polytechnic da Bayero University Kano. Shaidar karatu irin HND a sa cikakken sunanta da taƙaitaccen, don ba ka san da wanne za a nema ba.

Abu na uku shi ne kalmomi, kuma a nan tarbiyyarmu take ɗan yi mana tarnaƙi. An taso da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, ka yi shiru wani ya faɗi alherinka. Gaskiya ne a zaure. Amma a cikin wannan manhaja babu dattijon da zai tsaya maka, abin da ka rubuta shi ne kaɗai shaidarka. Faɗin abin da ka yi ba alfahari ba ne.

Wani yaronmu mai difloma ya shekara shida yana riƙe da rumfar albasar kawunsa. Shi ke karɓar kaya in mota ta iso, shi ke ƙirga buhu, shi ke rubuta bashin 'yan sari, shi ke biyan 'yan dako, har lissafin yana yin sa a Excel. Da ya zo neman aikin sito a wani kamfani, a wurin tarihin aiki sai ya sa hidimar ƙasa kawai, wai kasuwa ba aiki ba ce. Muka ajiye tallar kamfanin gefe, muka ja layi a ƙarƙashin abin da suke nema: "inventory management", "stock reconciliation", "vendor relations". Babu ɗaya da bai yi ba, sunayen ne kawai bai san su da Turanci ba. Aka rubuta su da kalmomin tallar, aka ƙara adadi: buhu nawa ke ratsa hannunsa a mako, mutum nawa ke ƙarƙashinsa. Wannan shi ne aikin da ake yi wa kowace talla. CV ɗaya ba ya zuwa ko'ina, sai an ɗan taɓa shi ya dace da wurin da za shi.

Harshe ma haka. Yaron da ya tashi a Agege ko Idi-Araba yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci da buroka, amma bai taɓa tunanin ya rubuta ba. Alhali sashen amsa kiran abokan hulɗa na bankuna da kamfanonin sadarwa, da ƙungiyoyin da ke aiki a Arewa, kan nemi mai jin Hausa. In ma'aikaci ya rubuta kalmar Hausa yana nema, babu ita a takardarka, ba za ka fito ba, ko da sunanka Garba.

'Yan uwanmu mata kuma, kada a bar giɓin shekaru ba bayani. Rahoton nan na Harvard ya nuna kusan rabin kamfanonin kan tsallake wanda ya fi wata shida ba ya aiki. In a shekarun aure da raino kina ɗinki ko sayar da kaya ta waya ko koyar da yara, sana'a ce, ki rubuta ta da kwanan wata da abin da kike yi a ciki.

Akwai masu koyar da dabara, wai a kwafe tallar gaba ɗaya a liƙa a CV da farin rubutu yadda ido ba zai gani ba. Manhajar da ta zaro rubutun za ta iya baje shi a fili gaban ma'aikaci, ka ga an tashi daga mai neman aiki an koma mai ha'inci. Wasu kuma su ba ChatGPT ya rubuta musu, ya jera musu ƙwarewar da ba su taɓa ji ba. Ba laifi a yi amfani da shi wajen gyaran Turanci, amma duk layin da ba za ka iya kare shi a gaban masu ganawa ba, ka goge. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka tambayoyin tankaɗe: rage shekaru ko ƙara matakin digiri zai iya wuce da kai ƙofar farko, amma takardun asali suna jiranka a gaba. Sannan duk wanda ya ce a biya shi ya shigar da sunanka cikin manhajar kamfani, ɗan damfara ne.

Duk wannan bai kashe tsohuwar hanyarmu ba. Fom ɗin kamfanoni da yawa na tambayar ta ina ka ji labarin aikin, ko akwai ma'aikacinsu da ya turo ka. Saboda haka muna roƙon yayyenmu da ke aiki a bankuna da kamfanoni, in gurbi ya fito ku sanar da wuri, kuma wanda kuka san ya cancanta ku tsaya masa ta hanyar da kamfanin ya tanada. Amma shi ma wanda aka tsaya wa, ta manhajar nan takardarsa za ta bi. In kana da kyau ka ƙara da wanka.

Duk mai son a duba masa, ya same mu bayan taron wata. Ya zo da CV ɗin a waya ko filashi, ba kwafin takarda ba, tare da tallar aikin da yake nema. Iyaye kuma a isar wa yara, don da yawansu kunya ke hana su tambaya.

Allah Ya ba matasanmu abin yi mai albarka.

Sakataren ƙungiya