Kwantan Da Aka Binne A Jujin Alamogordo

A cikin watan Satumba na shekarar 1983, mutanen Alamogordo, wani ƙaramin gari da ke Jihar New Mexico ta ƙasar Amurka, suka wayi gari suna ganin manyan motocin tirela suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna wucewa kai tsaye zuwa jujin da hukumar garin take zubar da shara. Daga garin El Paso na Jihar Texas motocin suka taso, tafiyar kamar mil 90, kuma abin da suka ɗauko kayan wani kamfani ne mai suna Atari, wanda a wannan zamani babu gidan da ke da yara a Amurka da ba a san sunansa ba. Aka juye kayan cikin rami, katafila ta bi ta kai ta murƙushe su. Da yaran gari suka ji labari, sai suka riƙa satar jiki suna tsince abin da bai fashe ba suna kaiwa gida. Ganin haka aka kawo kankare aka malala a kai. Jaridar garin ta buga labarin, haka ma jaridar New York Times, amma kafin a jima maganar ta shiririce.

Kafin wannan rana, abin da duniya ta san yankin Alamogordo da shi shi ne bam ɗin nukiliya na farko, wanda aka gwada a hamadar da ke kusa da shi ranar 16 ga watan Yuli na 1945. Watau dai wuri ne da aka saba kai abin da ba a so idon jama'a ya gani.

Domin mai karatu ya fahimci abin da aka binne, sai an koma baya kaɗan. A shekarar 1977 Atari ya fito da wata 'yar na'ura da ake jonawa da akwatin talabijin, a zura mata kaset, sai wasa ya bayyana a fuskar talabijin, yaro ya riƙe wani ɗan sanda yana juya abin da yake gani. Na'urar, wadda aka fi sani da Atari 2600, ta karɓu ƙwarai da gaske, har ya zamana babban kamfanin da ya mallaki Atari, watau Warner Communications, daga nan yake samun mafi yawan ribarsa. To, kasuwa in ta buɗe kowa sai ya kawo hajarsa. Kamfanoni barkatai, har da waɗanda sana'arsu ba ta da wata dangantaka da wasan yara, suka shiga buga kaset, mai kyau da maras kyau, kantuna suka cika maƙil.

Ana cikin haka, a watan Yuni na 1982, sai fim ɗin E.T. na Steven Spielberg ya fito, labarin wata halitta daga wata duniya da 'yan'uwanta suka tafi suka bari, wani yaro ya ɓoye ta a gidansu. Fim ɗin ya ja jama'a irin yadda ba a saba gani ba. Shugaban Warner, Steve Ross, ya ga ai ga kuɗi kwance a ƙasa, ya ƙulla yarjejeniyar mai da fim ɗin wasan talabijin a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 20. Ba a gama ciniki ba sai ƙarshen watan Yuli, alhali kuwa in ana son kaya su isa kantuna kafin bikin Kirsimeti, lokacin da iyaye suke saye wa 'ya'yansu tsaraba, dole ne a gama shirya wasan ranar 1 ga watan Satumba. Aikin da aka saba yi cikin wata shida ko fiye, aka ce a yi shi cikin mako biyar da 'yan kwanaki.

Wanda aka ɗora wa wannan kaya wani saurayi ne ɗan shekara 25, mai suna Howard Scott Warshaw. Ba a zaɓe shi don rashin gwaninta ba, domin shi ne ya shirya Yars' Revenge da Raiders of the Lost Ark, waɗanda kowannensu an sayar da fiye da kaset miliyan ɗaya. Ya karɓi aikin, har ya sa aka kai masa kayan aiki gida don kada dare ya wuce a banza, kuma ya cika alkawari a ranar da aka yanka masa. Sai dai babu sauran lokacin da za a ba yara su gwada a ji ta bakinsu, kamar yadda aka saba. Sauri kuwa ya haifi nawa. A cikin wasan, E.T. yana yawo yana neman gutsattsarin wayar tarho guda uku domin ya kira 'yan'uwansa, gutsattsarin kuwa suna cikin ramuka. Yaro ya matsa kaɗan sai E.T. ya rufta rami, ya yi ta fama ya fito, ya sake ruftawa cikin ramin da ya fito. Yaran da suka kwana suna ɗokin tsarabar Kirsimeti suka yi jifa da ita, iyaye suka kwasa suka mayar kanti, masu kanti suka mayar wa kamfani. An buga wajen kaset miliyan 4, kuma ko da yake an sayar da fiye da miliyan ɗaya, sauran duk sun yi kwantai.

A shekarar 1983 Atari ya yi hasarar dala miliyan 536. Shugabansa, Ray Kassar, ya sauka a watan Yuli, aka sallami dubban ma'aikata, a shekarar 1984 kuma Warner ya sayar da sashen kayan gida na kamfanin ga Jack Tramiel. Kasuwar wasannin talabijin ta Amurka, wadda ta kai dala biliyan 3 da ɗoriya, ta rushe har ta koma wajen dala miliyan 100 a 1985, kuma ba ta farfaɗo ba sai da kamfanin Nintendo na Japan ya shigo da tasa na'urar.

Mutane ba sa son labari mai rassa da yawa. Faɗuwar kasuwa irin wannan tana da dalilai barjat: kantunan da suka yi odar abin da ya fi ƙarfinsu, da tarin kaset marasa inganci da aka karya wa farashi har mai kyau ya kasa sayuwa, da ƙananan kwamfutocin gida da suka fara araha. Amma duk wannan ya yi wa masu hira tsawo. Sai aka dunƙule shi aka ce wasa ɗaya ne ya kashe kamfani, wai ya yi muni har sai da aka haƙa rami a hamada aka binne miliyoyinsa da dare. Aka laƙaba masa sunan wasa mafi muni a tarihi, aka rataya wa Warshaw jakar tsaba, kaji suka yi ta binsa shekara da shekaru. Wanda ya sa hannu a kan dala miliyan 20, da wanda ya yanka mako biyar, da wanda ya ba da umurnin a buga miliyan 4 tun ba a ji ra'ayin yaro ko ɗaya ba, ba a cika tuna sunayensu ba. Da tafiya ta yi nisa ma, sai wasu suka fara cewa binnewar kanta tatsuniya ce, ba a taɓa yi ba, duk da cewa jaridu sun buga ta a lokacin da ta faru.

Wannan gardama ce ta sa a watan Mayu na 2013 majalisar garin Alamogordo ta ba wani kamfanin Kanada mai suna Fuel Industries izinin tona jujin, da nufin a shirya fim a kai, tare da goyon bayan sashen Xbox na kamfanin Microsoft. Matsalar ita ce an daɗe da rufe jujin, fili ne fetal, babu alamar inda aka zuba me. Wanda ya warware wannan kuwa wani tsohon ɗan kwangilar kwashe shara ne na garin, Joe Lewandowski, wanda ya bi tsofaffin hotuna da abin da ya sani na yadda ake cika ramuka a wancan lokaci, har ya nuna wurin. Abin da masana suka shekara 30 suna musu a kai, a ƙwaƙwalwar mai kwasar shara yake.

Ranar Asabar 26 ga watan Afrilu na 2014 aka yi tonon a gaban ɗaruruwan 'yan kallo, cikin iska mai ƙura wadda ta kori wasunsu tun kafin a kai ga komai. Akwai masana binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, irin su Andrew Reinhard, waɗanda suka saba tonon kufan mutanen dā, ran nan suna tsaye suna tantance sharar da ba ta girme su ba. Sai da aka nutsa kusan ƙafa 30 kafin kaset na farko ya fito, Zak Penn mai shirya fim ɗin ya ɗaga shi sama jama'a suka ɗauki sowa. Warshaw yana wurin, ya kasa riƙe hawaye.

An tsamo kaset wajen 1,300 kafin a dakata. E.T. yana ciki, ba shakka, amma shi kaɗan ne daga cikin abin da aka samu. Ga Centipede, ga Missile Command, ga Defender, ga Asteroids, wasannin da aka yi rububinsu a zamaninsu, kwance cikin rami ɗaya da wanda ake zagi, wasu ma ko kwalinsu ba a buɗe ba. James Heller, ma'aikacin Atari da aka ba aikin zubar da kayan a 1983, ya zo wurin ya bayyana cewa kaset 728,000 ne aka binne, ba miliyoyi ba. Ashe abin da ya faru shi ne kamfani ya share ɗakin ajiyarsa na El Paso, ya kwashe mai kyau da maras kyau ya zubar, domin babu mai saye, ajiyar kuma kuɗi take ci. Juji ya faɗi abin da littattafan kamfani ba su faɗa ba: kasuwar ce gaba ɗaya ta mutu a hannun waɗanda suka cika ta da kaya fiye da yadda za ta iya haɗiyewa, E.T. kuwa gawa ɗaya ce cikin gawawwaki.

Da yake jujin na hukumar gari ne, abin da aka tono ma nata ne. Ta ware wasu ta ba gidajen adana kayan tarihi, har da Smithsonian da ke Washington, sauran kuma ta yi gwanjonsu a eBay. Kaset 881 sun kawo dala 107,000 da 'yan kai, inda wani kaset ɗin E.T. guda ɗaya, lanƙwasasshe mai warin juji, ya tashi a kan dala 1,535. Garin ya sami wajen dala 65,000, ƙungiyar tarihi ta yankin ta sami 16,000, sauran ya tafi wajen aika kayan ga masu saye a ƙasashe daban-daban. Fim ɗin, mai suna Atari: Game Over, ya fito a watan Nuwamba na 2014.

Warshaw kuwa ya daɗe da barin sana'ar shirya wasanni. Ya koma makaranta ya zama likitan kwantar da hankali a Jihar California, inda da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa ma'aikatan kamfanonin kwamfuta ne da aiki ya yi wa yawa. Shi kuwa ramin an mayar da ƙasa an rufe shi, da sauran kaset fiye da 700,000 a ciki.