Lamba Uku Iri Biyu Ce: Izinar da Gemun Baffa Ya Bar Mini

Injin aski mai caji ya shiga gidaje da yawa a Jalingo. Daga babbar kasuwa zuwa shagunan da ke kan titin Hammaruwa, za ka same shi a kwali tare da 'yan matajan roba da ake maƙala masa a baki. Wasu na saye don gudun haɗa inji da kowa, wasu don yawan ɗauke wuta, wasu don rage kuɗin aski. Ni ma na saya, amma ban taɓa tsayawa na san ma'anar lambobin da ke jikin matajan ba. Wannan sakacin ne ya sa na ɓata wa dattijo gemu.

Baffana ne ya sauka a gidana a Mayo Gwoi, zai tsaya waliyyi a wani ɗaurin aure washegari. Bayan la'asar ya ce zai nemi shagon aski a daidaita masa gemu. Na ce, "Baffa, ai ba sai ka wahala ba, ina da inji a gida." Ya ce, "To ɗana, mai askina lamba uku yake sa mini, kada ka wuce nan." Na ɗauko matajin da aka rubuta wa 3, na maƙala, na kafa daga ƙasan haɓa na yi sama. Bi ɗaya kawai, sai ga fata tana leƙowa a tsakiyar farin gemun da ya daɗe yana tattalawa.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya shafa wurin ya ce, "Ƙaddara ce." Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, ganganci na yi." Na san ƙaddara gaskiya ce, amma na san kuma da hannuna na jawo, domin na nuna na iya abin da ban koya ba.

Da muka je shago a gyara, mai askin ya karɓi matajin ya juya shi, ya nuna mini ƙananan haruffa biyu a gefen lambar. Ya ce, "Malam, wannan milimita uku ne. A wurinmu lamba ɗaya ke nan."

Ashe lissafin iri biyu ne. Masu aski sun saba da tsarin injinan Amurka irin na kamfanin Wahl, wanda aka kafa a 1919. A nan kowace lamba kashi ɗaya ce cikin takwas na inci. Lamba 1 tana barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 milimita 13, har zuwa lamba 8 mai barin inci guda, wato milimita 25. Akwai rabin lamba mai barin milimita ɗaya da rabi. Su kuwa ƙananan injinan gida da yawa, tsawon suke rubutawa kai tsaye a milimita: 3, 6, 9, 12. Baffa milimita 10 yake nufi, ni kuma na bar masa 3. Gashi kuwa kusan santimita ɗaya yake tsirowa a wata, ke nan abin da na datse cikin ƙiftawar ido sai ya ci kamar mako uku kafin ya dawo.

Mai askin ya ƙara mini da wasu abubuwa. Lambar tana nuna abin da zai rage ne, ba abin da za a cire ba. Ƙaramin hannun da ke gefen wasu injinan yana matsar da haƙora: in an buɗe shi gashi ya ɗan ƙara tsawo, in an rufe aski ya ƙara zurfi. Gashinmu mai murɗewa ne, sai an taje shi ya miƙe kafin inji ya ci shi daidai. Bin yadda gashi ya kwanta yana barin shi da ɗan tsawo, saɓa masa kuwa yana cinye shi sosai. Gemu ma ba kauri ɗaya gare shi ba. Saje da kumatu sukan fi haɓa ƙaranci, don haka lambar da ta yi wa kai kyau tana iya tona fata a fuska.

Dole aka rage sauran gemun ya yi daidai da inda na ɓata. Haka Baffa ya zauna a gaban jama'a, abokansa na tambayarsa ko lafiya, bai ambaci sunana ba. Wannan rufin asirin ya fi faɗa yi mini ciwo. Ga dattijon da ya riƙi gemunsa don sunna da kamala, ba ƙaramin abu na taɓa ba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ka kai inji kan wani ko fuskarsa, duba ko lamba ce ko milimita aka rubuta. Fara da mataji mafi tsawo ka riƙa saukowa, ka gwada a gefe kafin ka shiga tsakiya. In abin ya shige maka duhu, tambayi mai sana'ar, ka ba shi haƙƙinsa.