Waiwaye Adon Tafiya: Abin da Babi na Biyu Ya Koya Mana

Mu uku ne, dukkanmu malaman makaranta, muka koma jami'a don yin digiri na biyu a fannin ilimi. Da safe muna gaban allo muna koyar da ƙannenku da ire-irenku, da yamma da ƙarshen mako kuma mu ne ɗalibai. Kuɗin makaranta daga albashi muke tsakurowa, kuma kun san yadda albashin malami yake. Saboda haka duk watan da ya ƙaru kafin mu gama, a jikinmu da na iyalanmu yake ƙarewa.

Bayan mun gama darussan aji da jarrabawa, sai aka zo kan rubuta kundin bincike. Yawanci babi biyar ne. Na farko yana gabatar da matsalar da za a bincika, na uku yana bayyana yadda za a gudanar da binciken, na huɗu da na biyar suna kawo sakamako da shawarwari. Na biyu shi ake kira bitar ayyukan da suka gabata, wato mutum ya waiwaya ya ga abin da masana suka riga suka gano a kan batunsa kafin ya ɗora nasa. A ganinmu a lokacin, shi ne mafi sauƙi. Ai ba sai ka je ko'ina ba, littattafai ne kawai.

Batutuwanmu sun yi kusa da juna, domin duk a kan harshen koyarwa suke. Ɗayanmu yana duba koyar da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare, 'yar'uwarmu tana duba koyon karatu, na ukunmu kuma yana duba yadda malaman kimiyya ke cakuɗa Hausa da Turanci a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Farfesa guda ce take duba aikinmu gaba ɗaya.

Abin da muka yi shi ne, muka shiga ɗakin karatu na sashe, muka kwaso tsofaffin kundaye na waɗanda suka riga mu, muka yi ta kwasar abin da ke babinsu na biyu. Wane ya ce kaza, wance ta ce kaza. Cikin mako uku kowannenmu ya tara shafi kusan arba'in. Muka kai muna murna.

Da muka koma karɓa, Farfesa ta zaunar da mu tare. Ta buɗe takardun nan uku gefe da gefe, ta nuna mana jimla guda da ta ja wa layi da jan biro a kowace. Dukkanmu mun rubuta cewa gwajin da aka yi a Ife ya tabbatar da cewa yaron da aka koyar da harshen uwa ya fi kowa a komai. Har kalmomin iri ɗaya ne.

Ta ce, "Malamai, a cikinku wa ya karanta rahoton wannan gwajin da idonsa?"

Muka yi tsit. Can ɗayanmu ya ce, "Ranki ya daɗe, a wani kundi muka gani."

Ta ce, "Shi kuma mai kundin a ina ya gani? Ku je ku nemo tushen maganar. Kada ku dawo mini sai kun karanta."

Wannan maganar ta sa muka rasa zaman gabatar da tsarin bincike na wancan zangon. Da mun sake rasa na gaba, da sai mun biya kuɗin wata shekarar. A ranar mun ji haushi, ba za mu ɓoye muku ba. Amma ba mu da abin cewa, domin da ɗalibinmu ne ya kwafi aikin gida daga littafin abokinsa, da mu ma mun mayar masa.

Muka raba aiki. Muka nemi rahoton a babban ɗakin karatu na jami'a, muka yi amfani da Google Scholar da wani rumbun bayanai na harkar ilimi mai suna ERIC, wanda gwamnatin Amurka ke kula da shi. A nan muka fara sanin abin da muke ta ambato ba mu san shi ba. An fara gwajin ne a 1970 a Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babatunde Fafunwa. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Aka kwatanta su da yaran da aka koma koyar da su da Turanci bayan shekarun farko. Sakamakon ya nuna cewa 'yan Yarabancin sun yi ƙoƙari ƙwarai, kuma ba su ci baya a Turanci ba kamar yadda iyaye suka yi fargaba.

Sai dai akwai abin da tsofaffin kundayen nan suka tsallake. Don wannan gwajin an zauna an rubuta sababbin littattafai da Yarabanci, an ƙirƙiri kalmomin lissafi da na kimiyya, an horar da malamai na musamman, har an sa ƙwararre yana koyar da Turanci. Shi ya sa wasu masana suka yi tambaya: nasarar daga harshen kaɗai ta zo, ko kuwa littattafan da horon ma suna da kaso? Duk wanda ya rubuta jimlar da muka rubuta bai ƙaryata gwajin ba, amma ya yanke masa rabi. Gani ya kori ji.

Daga nan karatu ya buɗe mana. Muka ga cewa tun a 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto mai goyon bayan fara koyar da yaro da harshen uwa. Muka ga cewa Manufar Ilimi ta Ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta tanadi a fara firamare da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin, daga baya a koma Turanci. Muka ga cewa a Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, har da Hausa, tun shekarun 1970. Kai, har makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka yi koyarwa a cikinta. Ashe muhawarar ta girmi iyayenmu.

Yawan abin da muka samu ya kusa rikita mu, sai muka yi wa kanmu tsari. Duk aikin da muka karanta, sai mu cike masa kati guda: wa ya yi shi, a wace shekara, a ina, da yara nawa, ta wace hanya, me ya gano, kuma ina rauninsa. Muna rubuta lambar shafi nan take, domin mun taɓa ɓata yini biyu muna neman inda muka tsinci wata magana. Idan kalmomin marubuci ne muka ɗauko kai tsaye, sai mu sa musu alamar zance. Idan fahimtarmu ce, sai mu rufe littafin mu rubuta da bakinmu, sannan mu ambaci sunansa da shekarar aikin. Ɗaukar maganar wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, kuma jami'o'i da yawa yanzu suna da manhajar da ke gano ta.

Da katunan suka taru, sai muka baje su a tabarma, muka haɗa su gungu-gungu bisa abin da suke magana a kai. Masu goyon bayan harshen uwa a nan, masu shakka a can, masu magana a kan horar da malamai da samar da littattafai a gefe. A lokacin ne muka gane cewa babi na biyu kamar zaman sulhu ne a zauren mai unguwa: ka saurari kowa, ka ga inda suka yarda da inda suka saɓa, ka kuma lura da abin da babu wanda ya taɓo.

Abin da ba a taɓo sosai ba a cikin ayyukan da muka karanta shi ne irin azuzuwanmu. A ajin ɗayanmu yara sun haura ɗari, littafin lissafi da Turanci yake, jarrabawa da Turanci, malami kuma yana bayani da Hausa ba tare da an taɓa koya masa yadda zai yi ba. Me ke faruwa da yaro a irin wannan ajin? Wannan giɓin shi ya zama dalilin bincikenmu. Da mun tsaya a kwafe-kwafe, da mun je mun sake tabbatar da abin da aka riga aka faɗa, yaranmu kuma ba su ƙaru da komai ba.

Sabon babin da muka kai bai kai na farko tsawo ba. Farfesa ta karanta, ta yi 'yan gyare-gyare, ta ce mu wuce babi na uku.

Ƙannenmu, mun san akwai sauran tafiya kafin ku kai digiri na biyu, WAEC da NECO da JAMB ne a gabanku yanzu. Amma halin da ya kusa kayar da mu, tun a sakandare muka ɗauko shi, lokacin da muke kwafe aikin gida ba mu tambayi inda amsar ta fito ba. Idan aka ba ku aiki ko za ku shiga muhawara, kada ku tsaya a littafi ɗaya, ku duba biyu ko uku ku ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ku riƙa rubuta sunan littafin da shafin. Idan saƙo ya shigo a WhatsApp yana cewa masana sun gano kaza, ku tambaya: waɗanne masanan, a ina, yaushe?

Kwanan baya a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta fara da cewa, "Malam, an ce..." Ɗayanmu ya tambaye ta wa ya ce. Ta yi shiru, 'yan aji suka yi dariya, shi kuwa bai yi ba, don ya tuna ranar da muka yi tsit a gaban Farfesa. Ya ba ta zuwa Litinin. Ranar Litinin sai ga ta da littafi a hannu, ta sa tsinken tsintsiya a shafin da ta samo maganar.