Kwana biyu a Puroban

A ƙasar Faransa mutane suna da wata al'ada. In sun samu hutun kwana biyu ko ukku, sai su bar babban birni, su tafi wani ƙaramin gari mai tarihi. Ba biki ke kai su ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kuma fatauci ba. Kallo kawai. Su tashi ran asabar da safe, su ga tsoffin gine-gine, su kwana ɗaya, su komo gida ran lahadi da marece. Tafiyar gajera ce, amma tana son shiri. Wanda ke da wata guda, in ya ɓata wuni ɗaya bai yi hasara mai yawa ba. Mai kwana biyu kuwa, in ya ɓata wuni ɗaya, rabin tafiyarsa ya tafi.

A shekara ta 2025 wani tsoho ya taso daga Damagaram ya je birnin Pari wajen ɗansa, don a yi mishi aikin ido. Yana ce ta rufe mishi gani. Aikin ya yi kyau, ido ya buɗe. Amma wata biyu ke nan yana Faransa, bai ga komi ba sai asibiti da ɗakin ɗansa a bene na biyar. Bizarsa kuma saura mako ukku ta ƙare.

Ɗan nasa direban bas ne. Da kyar ya samu asabar da lahadi guda a ƙarshen watan Mayu. Ya ƙirga yuro 300 ya aje bisa tebur, ya kira ɗiyarsa mai shekara goma sha biyu.

«Ga kuɗɗi, ga kwana biyu. Ni ba ni da lokaci. Ke za ki shirya mana inda za mu kai Kaka.»

Tsohon ya yi dariya ya ce: «To, amaryata, a kai ni inda zan wanke sabon idona. Amma ki tuna, ido aka gyara, ba gwiwa ba.»

Yarinyar ta ɗauko taswira da littafin rubutu. Wurin da ta fara so shi ne Dutsen Sen-Mishel, wanda ta sha gani a littafin lakwal, gari bisa dutse a bakin teku. Da ta duba, sai ta ga nisansa daga Pari ya fi kilomita 350, kuma garin duk hawa ne da matakala. Hanya za ta cinye rabin asabar da rabin lahadi. Ta soke shi, ranta bai so ba. Ta yi daidai.

Sai ta nemi gari na kusa. Ta sami ɗaya a kudu maso gabashin Pari, kamar kilomita 90 ta hanyar mota. Sunansa Puroban, da faransanci ana rubuta shi Provins. Mutanensa wajen 12 000 ne. Jirgin ƙasa yana tashi daga Tashar Gabas ta Pari ya kai can cikin awa ɗaya da kusan rabi, babu canjin jirgi.

Amma ba kusanci kaɗai ya sa ta zaɓe shi ba. Kakanta falke ne. Tun yana saurayi yake kai fatu Kano, ya komo da tufa da goro. In ya fara labarin zango da madugu da fatoma, sai dare ya raba. Puroban kuwa garin fatake ne.

Ga yadda abin yake. A ƙarni na 12 da na 13, garin yana hannun sarakunan ƙasar Shampan. Ana cin manyan kasuwanni shida a ƙasar kowace shekara, kowace kasuwa tana yin wajen mako shida. In wannan ta watse, wata ta kama a wani gari. Biyu daga cikinsu a Puroban ake ci, ɗaya a watan Mayu, ɗaya a watan Satumba. Fataken arewa suna zuwa daga ƙasar Falandar, wadda yau take cikin Beljik da arewacin Faransa, ɗauke da tufafin ulu. Fataken kudu suna ƙetaro duwatsu daga Italiya da siliki da kayan yaji. A nan suke haɗuwa. Me ya sa nan, ba wani wuri ba? Don sarakunan Shampan sun gane abu guda: falke ba ya bin hanyar da ake fashi. Suka ɗauki alkawarin tsaron kowane baƙo da kayansa, tun daga hanya har ya koma. Suka naɗa masu kula da kasuwa, su duba awo da ma'auni, su raba gardama, su tilasta wa mai bashi ya biya. Har kuɗin kansa garin yake bugawa, kuma ana karɓarsa a ƙasashe masu nisa.

Daga baya ƙasar Shampan ta koma hannun sarkin Faransa, haraji ya yi yawa, jiragen ruwa kuma suka fara kai kaya ta teku tsakanin Italiya da arewa. Fatake suka canza hanya. Garin ya yi sanyi. Da yake arziki ya ja baya, ba a rushe tsoffin gidaje an gina sabbi ba, shi ya sa suna nan har yau. A shekara ta 2001 hukumar UNESCO ta sa Puroban cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sa tsohon garin Agadas a 2013.

Da yarinyar ta karanta ma kakanta wannan, bai yi wasa ba wannan karon. Ya tambaye ta: «Ina suke aje kaya? Wa ke saukar da su?»

Tana da amsa. Akwai wani gida na ƙarni na 13 da ake kira Rumbun Ushiri, don daga baya a cikinsa aka riƙa tara ushirin hatsi. Kafin nan fataken birnin Tuluz ne ke hayarsa lokacin kasuwa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ajiyar kaya ne, na tsakiya na ciniki, na sama na kwana.

«Wannan nake son gani,» in ji tsohon.

Nan wahala ta fara. Puroban gari biyu ne: na bisa tudu da na ƙasa. Tashar jirgi tana ƙasa. Ganuwa da hasumiya da tsohuwar kasuwa duk suna bisa tudu. Ga mai ƙarfi hawan ba komi ba ne. Ga tsoho mai sanda kuwa, kafin ya kai sama ya gaji, sauran wunin sai kwance. Yarinyar ta buga waya masauki ukku. Na ƙasa sun fi araha. Duk da haka ta kama ɗaki mai gado ukku a bisa tudu, ta kuma tabbatar ba a bene yake ba. Ɗakin ya cinye rabin kuɗin. Babanta ya ɗan ɓata fuska, amma da ta ce mishi: «Baba, in Kaka ya gaji da rana, taki kaɗan ne ya kai gado,» sai ya yi shiru.

Sauran lissafin mai sauƙi ne. A shekarar, tikitin jirgi ɗaya yuro 2,50 ne, wato kamar jika ɗaya da dala 128 na sefa. Mutum ukku, zuwa da komowa, yuro 15. Ta ware 25 don taksi daga tasha zuwa tudu da komowa, 60 don kuɗin shiga wuraren kallo, 30 don abinci. Abincin rana daga gida za a tafi da shi: soyayyar kaza, dafaffen ƙwai da dabino. Burodi da cuku a can za a saya. Da ta ce cukun ƙasar sunansa Biri, tsohon ya rantse ba zai ci nonon biri ba, sai da aka bayyana mishi sunan yankin ne, nonon kuwa na saniya.

Abin da ya fi wuya shi ne zaɓen abin da za a bari. Littafin ƴan yawon buɗe ido ya lissafta wurare da yawa, mai kwaɗayi zai so ya zaga su duka, ya komo bai riƙe ko ɗaya ba. Akwai ramuka a ƙarƙashin garin, inda aka haƙi wata ƙasa ta wanke maiƙon ulu, daga baya aka maida su ma'aji. Duhu ne da sanyi, ta soke su. Akwai Hasumiyar Sezar, ginin ƙarni na 12, mai kusurwa takwas, wadda ta yi aikin gadi ta kuma yi kurkuku. Daga samanta ana hango garin duka da gonakinsa. Ita ce yarinyar ta fi marmari. Amma matakalarta ƙunci gare ta, Kaka ba zai iya ba. Ta daɗe tana tauna bakin alƙalami. Daga ƙarshe ta rubuta: «Hasumiya, lahadi da safe, ni kaɗai da Baba, rabin awa, lokacin da Kaka ke shan shayi.»

Ganuwa ba ta da wannan matsala. Abin da ya rage nata ya kai mita 1 200, da hasumiyoyi 22 da manyan ƙofofi biyu, kuma ana ganinta sarai daga ƙasa. Mutumin da ya girma a Birnin Damagaram ya san ganuwa, amma ta ƙasa ya sani. Wannan ta dutse ce. Ta sa ta asabar da la'asar, bayan Rumbun Ushiri da hutun rana.

Ta duba kwanan wata kuma. A watan Yuni ake babban bikin garin, mutane dubbai su cika tituna da kayan zamanin da. Da sun faɗa cikinsa, da ba su sami ɗaki ba. Ƙarshen Mayu ya fi musu, ga shi lokacin ne furen wardi ke buɗewa, garin kuma ya yi suna da wardi. An ce wani sarkin Shampan mai suna Tibo ne ya kawo irinsa daga gabas wajen shekara ta 1240. Ta rubuta a gefen takarda: rigar sanyi, laima, maganin ɗigawa a ido, baƙin tabarau, buta da darduma. Ta ƙara da cewa magariba sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, kada Kaka ya yi ta tambaya.

Ran alhamis da dare babanta ya karanta takardar daga sama har ƙasa. Ya nuna wani wuri da yatsa.

«Lahadi daga azahar zuwa ƙarfe biyar ba ki rubuta komi ba. Kin manta ne?»

«Ban manta ba, Baba. Akwai dandali a tsakiyar garin tudu, da tsohuwar rijiya. Nan masu canjin kuɗi ke zama a da. Kaka zai so ya zauna ya yi kallon mutane.»

«Yuro 20 da suka rage fa?»

«A can ana dafa furen wardi da sukari, a zuba a kwalba, ana shafa wa burodi. Kwalba biyu za mu saya, Kaka ya kai ma Iya Damagaram.»

Tsohon yana jin su daga kan darduma. Ya ce a sayi ukku, don ɗaya ba za ta kai filin jirgi ba.