Wa ke duba hannun yarinya a cikin kwano?

A ƙasar da magidanci ke leƙa rumbu tun kafin ruwan farko yana lissafin ko hatsi zai kai shi kaka, in ka ce akwai cutar da ke sa yarinya ta ƙi cimaka alhali ga ta a gabanta, dariya za a yi maka. Wani ya ce ƙoshi ne. Wani ya ce cutar ɗiyan Nasara ce, a bar ta da yunwa kwana biyu za ta dawo hanya. Na sha jin haka a bakin malamai ƴan'uwana. Sai dai cutar tana nan, kuma barin yarinyar da yunwa shi ne ainihin abin da cutar take so.

Likitoci suna ce mata anoreksiya. An san ta da wannan suna tun 1873, shekarar da William Gull a Landan da Charles Lasègue a Paris kowanensu ya bayyana ta daga ƴan matan da yake dubawa. Yarinya ce, wani lokacin ma yaro, za ta shiga tsoron ƙiba, ta rage ci, ta ƙara ragewa, har ƙashin wuya ya fito, amma in ta dubi madubi ƙiba take gani. Akwai ƴar'uwarta bulimiya: a ci da yawa a ɓoye, sannan a janyo amai ko a sha maganin wankin ciki. Yawanci da balaga suke zuwa. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Zuciya ce ke gazawa, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu da ita su ne suka kashe kansu.

Masu cewa mu nan mace mai jiki muke so, saboda haka ba ruwanmu, su ji labarin tsibiran Fiji. Su ma can mai jiki ce kyakkyawa. A 1995 talabijin ta isa yankin Nadroga, sai wata likita daga Harvard, Anne Becker, ta tambayi ƴan matan lakwal na wurin. A lokacin ba ko ɗaya da ta ce tana janyo amai don ta rame. Da aka sake tambaya a 1998, an sami kashi 11 cikin ɗari. Shekara uku kacal. Mu kuwa tuni muka wuce talabijin, salula ce a ƙarƙashin matashin kai.

Abin ya zo har ƙofar gidana ta hannun wata uwa da na koyar da ɗiyarta a CM2. Yarinyar ta kai shekara goma sha huɗu, tana CEG, kuma kamar yadda na san ta, ita ce ta ɗaya a aji. Wasu ƙawaye suka yi mata ba'a kan jikinta, ta ce za ta yi rejim. Ba wanda ya damu. Su biyar ne ke ci a tire ɗaya da ƴan'uwanta mata. Takan sa hannu tare da kowa, ta yi ta murza loma ɗaya tana tura sauran gefen ƙanwarta, tire ya tashi fes. Ta kama azumin Litinin da Alhamis, aka yi ta sa mata albarka. Ita ke shiga madafa, ita ke zuba wa kowa, ta ce ta ci a bakin murhu. Abin da ya tada hankalin uwar biyu ne: al'adarta ta ɗauke, sannan ga zafin watan Afrilu amma tana cikin rigar sanyi. Aka fara da zargin da kowace uwa ke tsoro, ba shi ba ne. Majo na CSI ya tura su awon tarin fuka, da na sida, da na suga, da na tsutsar ciki, duk ba a ga kome ba. Ya yi daidai da ya fara da waɗannan, don a wajenmu su suka fi ramar da yara. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Sai bayan wata bakwai wani likita a Yamai ya fitar da kowa daga ɗaki ya tambaye ta ko tana tsoron ƙiba, ta fashe da kuka.

Tambayar da uwar ta zo min da ita ke nan: "Malama, ni na jawo mata?" Don dangin miji sun riga sun yanke hukunci, wai ta shagwaɓa ta.

Ashe ba a nan aka fara ɗora wa iyaye laifi ba. Shi kansa Gull yana ganin dangi ne suka fi kowa rashin iya jinyar irin waɗannan yara. Babban likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, sharaɗinsa shi ne a raba yarinya da iyayenta sai ta fara ci. Kusan shekara ɗari ana kan haka: a kwantar da ita, a hana uwa shiga. A Amurka, cikin shekarun 1970, Salvador Minuchin ya shigo da iyali ɗakin magani, amma shi ma yana ganin tsarin gidan ne ke da matsala. Waɗanda suka juya maganar su ne likitocin asibitin Maudsley da ke Landan, irin su Christopher Dare da Ivan Eisler da Gerald Russell. Suka ce ba a tabbatar iyaye ne ke haddasa cutar ba, kuma neman mai laifi ba ya ƙara wa yarinya ko kilo ɗaya. Wa ya fi son ta? Wa ke tare da ita safe da rana da dare? To su za a ba aikin. A 1987 suka fitar da sakamakon bincike kan marasa lafiya 80: waɗanda cutar ta kama kafin shekara 19, kuma ba ta kai shekara uku a jikinsu ba, sun fi samun sauƙi in aka yi maganin tare da iyali. James Lock da Daniel Le Grange da abokan aikinsu suka rubuta hanyar dalla-dalla a 2001. A 2010 suka gwada ta kan matasa 121 a Amurka. Shekara guda bayan gama magani, kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka bi da su ta hannun iyaye sun warke sarai, a ɗaya ɓangaren da likita ke ganawa da yaro shi kaɗai kuwa kashi 23. Tun 2017 ita ce hanyar farko da hukumar tsara ƙa'idojin magani ta Ingila ke ba da shawara a bi. Ku lura, 49 ba ta kai rabi ba. Ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, amma ita ce mafi kyau da ake da ita.

Mataki uku ne, ana ganin likita kamar sau ashirin cikin shekara. Na farko shi ne mai wuya: iyaye su karɓe maganar abinci gaba ɗaya daga hannun yarinya. Su za su zaɓi abin da za ta ci, su zuba, su zauna da ita har ta gama, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ganawa ta biyu ma iyalin kan zo asibiti da kwanukansu, su ci a gaban likita, shi kuma ya taya su har yarinya ta ƙara loma ɗaya a kan abin da ta yi niyya. Idan jiki ya dawo, a riƙa mayar mata da ragamar cinta kaɗan-kaɗan. Sai a ƙarshe a zauna kan sauran damuwarta ta ƙuruciya.

Mu malamai mun saba fara wa da nasiha, shi ya sa wannan jeri ya ba ni mamaki. Dalilinsa yana cikin wani gwaji da Ancel Keys ya yi a Minnesota a 1944 zuwa 1945. Samari 36 lafiyayyu suka yarda a rage musu kusan rabin abincinsu na wata shida. Suka zama masu fushi, suka ƙaurace wa mutane, ba abin da ke kansu sai abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi. Yunwar kaɗai ta mayar da su haka. Ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ba ta jin wa'azi, kome daɗin bakin mai yi. Sai an ciyar da ita tukuna.

Da na karanta wannan sai na ga ai mun san rabinsa. Duk wanda ya ga 2005 a Maraɗi ya san cewa ga yaro mai tamowa cimaka ita ce magani, tana da awo da lokaci kamar ƙwaya. Uwa ce ke karɓo biskit ɗin mako, ta ba shi a gida, ta mayar da shi awo. In ya yi tsanani aka kwantar da shi CRENI, uwa na gefensa. A can ma ba a fara wa da madara mai ƙarfi: F-75 ake ba shi kafin F-100, don jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika masa abinci farat ɗaya, gishirin jini irin su fosfat yakan faɗi, zuciya ta tsaya. Haka yake ga budurwa. Wadda ta rame ƙwarai, ko take suma, ko bugun zuciyarta ya yi ƙasa, asibiti za a fara kai ta, ba a fara a gida da ka. Bambancin ɗaya ne, kuma babba: mai tamowa yana son ya ci, ita kuwa za ta yi faɗa da kai a kan kowace loma.

Abin da ya fara canzawa a gidan nan shi ne tire. Likita ya ce a ware mata kwanonta, amma a ci tare. Kakarta ta wajen uba ta ce wannan wariya ce, sai ka ce mai kuturta. Sai da aka nuna mata takardar awo ta yi shiru. Cin kwano ɗaya ya koya mana zumunci da kawaici, ban musa ba, amma ba wanda ke ƙirga lomar wani a cikinsa, kuma ba ladabi ba ne ka kalli hannun mai ci. Wata bakwai cutar ta yi tana fakewa da wannan ladabi.

Na biyu shi ne uban. A gidajenmu maigida shi kaɗai yake ci, ko a zaure da maƙwabta, labarin cikin gida sai abin da aka gaya masa. Hanyar Maudsley tana son bakin uwa da na uba ya zo ɗaya, don cutar tana da wayon gano mai taushi. In uwa ta ce a cinye, uba ya leƙo ya ce "ƙyale ta, ta yi ƙoƙari", an koma baya. In kuma ya ɗauko bulala, za ta haɗiye a gabansa ta je bayan ɗaki ta amayar, gobe ta ƙara iya ɓoyewa. Shi wannan uban da farko duka biyun ya yi. Daga baya ya ɗauki kalacin dare ya zama nasa: ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan magariba, ya ce "Uwata, bismillah", don sunan mahaifiyarsa gare ta, kuma ba ya tashi sai ta gama. Akwai daren da aka yi awa biyu a kan malmala ɗaya. Ta yi kuka, ta zagi uwarta, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi babba ba, ta kifar da kwano. Aka sake zubo wani, ba tsawa, ba ciniki. Bayan an gama wani ya zauna da ita kamar awa guda don kada ta kewaya.

Abin da ya sa suka iya jure zagin shi ne wata dabara da likitocin ke koyarwa: a raba yarinya da cutar, a ɗauka cutar ce ke magana da bakinta. Wannan bai yi wa mutanenmu wuyar ganewa ba, don mun saba cewa "ba ita ba ce" ga wadda ake zargin iska ta taɓa. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma na yi mata. Abin da na ƙi shi ne a tafi neman mai ruƙiyya a bar kwano ya huce. Azumin nafila kuwa liman na unguwa ne ya raba gardama, ya ce mara lafiya ko na Ramadan an ɗauke masa sai ya warke.

Inda muka fi Turawa shi ne yawan hannuwa. Can uwa takan bar aiki wata da watanni don ba mai karɓar ta. Nan gwaggo ta ɗauki koko da ƙosan safe, abokiyar zaman uwar ta ɗauki furar rana, kakar nan da ta yi gardama ta zama mai gadin bayan cin abinci, tana tsokanar ta da "kishiyata, in kin rame wa zan yi kishi da shi". Ƙannen ba a sa su gadi ba, an bar su su zama abokan wasa da hira, haka tsarin ya ce. Amma yawan hannuwa yana zuwa da yawan baki. Kowace baƙuwa da shawararta. Wata ta ce a yi mata aure. Wata ta kawo ƙwayoyin sha-ka-fashe daga masu tallar magani a tire, waɗanda galibi deksametazon ne a ciki, mai kumbura fuska ya jawo hawan jini da ciwon suga. Wata ta ce a ɗura mata kamar yadda ake yi wa ƴan mata a wasu rugage na Azawak don su yi jikin aure. Wannan ba shi ne maganar ba. Ana ciyar da ita ne ta koma nauyin da likita ya auna ya dace da tsawonta da shekarunta, ba don ta burge kowa ba. Har yabon nan na "kai, kin yi ƙiba, kin yi kyau" sai da aka roƙi dangi su bari, don a kunnenta zagi ne, yakan hana ta cin kalacin dare.

Ga ƴan'uwana malamai, rabonmu a ciki ƙarami ne amma ba mai yi sai mu. Mu ke ganin wadda ba ta taɓa sayen kome a hutun ƙarfe goma, wadda ke ba ƙawaye kuɗin fankenta, wadda makinta ke hawa jikinta na sauka. Kada a tsare ta a gaban aji. A kira uwa, in da hali har uba, a faɗi abin da ido ya gani ba tare da an laƙaba wa cutar suna ba, a ce su je awo. A CEG ɗin yarinyar nan wata malama ta yarda ta riƙa zama da ita a ofis lokacin hutu har ta cinye abin da aka ƙunso mata daga gida, aka kuma ɗauke mata wasan motsa jiki sai da likita ya ba da izini. Duk mako ana kai ta CSI a hau sikeli, majo ya rubuta a karne, duk wata biyu a koma Yamai. Al'adarta ta dawo a wata na tara. Ta maimaita aji, abin da ya fi yi mata ciwo fiye da kome, kuma sai da aka shekara da ƴan watanni kafin a mayar da ita tire ɗaya da ƴan'uwanta, kakar tana zaune kusa da carbinta.